KEKE DA HAƘƘINSA A KAN TITUNAN KADUNA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



 

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, alhali kuwa a ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da ilmi da muƙami nesa ba kusa ba. Abin da zan yi magana a kai shi ne keke. To, kafin in ci gaba bari in kau da wata tantama, domin yau a Kaduna in ka ce keke sai a ɗauka Napep kake nufi. A'a, ina nufin keken asali, dokin ƙarfe mai taya biyu, wanda ba ya shan komai sai ƙarfin ƙafar mai shi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, amma ba da sunan ofis na zo ba. Na zo ne a matsayin mazaunin Unguwar Mu'azu, wanda yake hawa keke zuwa aiki, kuma yake da 'ya'ya masu ƙetare titi kullum safiya.

Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa Kaduna garin keke ce tun asali. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, daga baya UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya, aka kwashi dubban ma'aikata. Mu ba mu riski ganiyar abin ba, sai dai labari daga bakin iyayenmu: wai in an tashi daga aiki, hanyar Kakuri cika take maƙil da kekuna, ƙararrawa kawai kake ji ta ko'ina, mai mota sai ya yi haƙuri ya bi a hankali. A zamanin nan Rali dukiya ce, har masana'antar harhaɗa ta aka yi a Kano. Malamin makaranta da malamin gona da duba-gari da masinja duk a kanta suke, kuma saurayi in ya sayi sabuwa ya ɗaura mata madubi da fitila, to unguwa ta san an yi arziki. Mu kanmu mun tarar da wutsiyar keken haya, inda yaro zai ba da 'yan kuɗinsa a ba shi keke na ɗan lokaci, ya tura ƙafa ta ƙarƙashin sanda yana koyo, ya dawo da gwiwa a ƙuje.

Yaya aka yi keke ya faɗi ƙasa warwas? Kuɗin mai ne suka fara ture shi. Da aka biya kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka koma babur. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kakuri, burin kowane ma'aikaci ya zama 504. Daga baya motocin Beljiyam suka cika gari, baburan Caina masu araha suka shigo, acaba ta zama abin hawan kowa. Masaƙu kuma suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, ta farkon ma ta rufe a 2002. Sannu a hankali keke ya tashi daga abin alfahari ya koma alamar rashi. Mutum ya gwammace ya tsaya awa guda a rana yana jiran bas da a gan shi a kan keke a ce wane ya talauce. Da masu faɗa a ji suka sauka daga keke, sai masu zana tituna su ma suka manta da shi, domin kowa hanyar da zai bi yake gyarawa.

To, ga shi kiɗa ya canza. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce naira 1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma duk wanda ke shiga Napep sau biyu tafiya sau biyu dawowa, kwana biyar a mako, ya san rabon da kuɗin mota ke kwasa a cikin wannan albashi. Ku je wurin masu gyaran keke na unguwanninku ku tambaye su, za su gaya muku kekunan da suka shekara goma a jingine a zaure an kakkaɓe su an kawo a sa musu taya. Masu gadi, da birkiloli, da leburori, da malaman Islamiyya, da ɗalibai, da ƙananan ma'aikata irina, mun koma kan keke ba tare da wani ya yi mana wa'azi ba. Tambayar ita ce, da muka koma, me muka tarar?

Mu mutanen Unguwar Mu'azu abin da muka tarar shi ne titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ya fi sani da Bai-fas. An yi wannan hanya ne domin manyan motocin da suka fito daga Kudu za su Zariya da Kano su kewaye gari, kada su ratsa tsakiyarsa. Amma gari ya girma ya haɗiye ta. Yau Unguwar Mu'azu da Kabala ta Yamma da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi duk a bakinta suke, ga gidaje da makarantu da masallatai da majami'u da shaguna hagu da dama. Wato hanya guda tana aiki biyu waɗanda ba sa jituwa. Ga direban tirela, babbar hanya ce da ya kamata ya taka wuta ya wuce. Ga yaro ɗan shekara goma sha biyu kuwa, hanyar makarantarsa ce. Ba na zargin direban, ba na zargin yaron. Tsarin da ya haɗa su a kan kwalta guda ba tare da shamaki ba, shi nake zargi.

Bari in ɗan mayar da mu ajin Fiziks, tunda ga malaminmu nan yana kallona. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga mai keke, ƙwaƙwalwarsa ta ba ƙafarsa umarni, ƙafar ta sauka a kan birki, daƙiƙa guda ta wuce, mita 17 sun tafi, bai ma fara tsayawa ba. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Shi ya sa masana suka ce in mota ta buge mutum tana gudun kilomita 30, kusan tara cikin goma suna rayuwa, amma in gudun ya kai 50 ko 60 sai haɗarin mutuwa ya ƙaru ƙwarai. Saboda wannan ne taron ministocin duniya da aka yi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a ƙayyade gudu a kan kilomita 30 duk inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ita kuwa tirela tana da wata masifar ta dabam. Tun 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama, direba a hagu yake zama, mai keke kuma a gefen dama yake bi, daidai inda direban babbar mota ba ya gani ko da madubi. In ya karya kwana zuwa dama, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwanar suke yi. Mai keken da ya raɓa yana ganin akwai fili, sai ya ga filin ya rufe a kansa. Da yawa daga cikin waɗanda aka rasa ta haka, direban bai ma san ya taɓa kowa ba sai da jama'a suka yi masa ihu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta ce kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace in an auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce ta fi ƙarancin motoci. Ba sai na kawo muku adadi daga waje ba ma. A ɗakin nan da wuya a sami wanda bai taɓa zuwa gaisuwar wani da aka buge a bakin titi ba. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu na addini, na Musulunci da na Kirista, ba su koya mana mu bar rijiya a buɗe a tsakar gida ba don mun yarda da ƙaddara.

Wani zai ce ai an taɓa yin wannan kira. Haka ne. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja. Wata rana yana kan hanyarsa ta zuwa taron majalisar ministoci bas ta ture shi cikin lambatu. Jaridu suka yi ta zane-zanen barkwanci, aka yi dariya, magana ta mutu. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya, sai dai ya fara daga inda ya kamata a ƙare. Ya ce wa mutane su hau, alhali ba a yi musu inda za su bi ba. In har minista da 'yan rakiyarsa bai tsira ba, ina ga mai gadi da ke komawa gida da asuba?

Ƙasar Holan da ake kafa misali da ita yau, wadda kekunanta suka fi mutanenta yawa, har tsohon firayim ministanta Mark Rutte ya yi shekaru yana zuwa ofis a kan keke, ba haka ta tashi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ma mota suka sa gaba, suna rushe gidaje suna faɗaɗa tituna. A 1971 kaɗai mutum kusan 3,300 suka mutu a hanyoyinsu, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fusata suka fito da gangamin neman a daina kashe musu 'ya'ya, suna tare tituna da tebura da kujeru. Sai ga rikicin man fetur na 1973, mai ya yi wuya har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi. Abubuwan nan biyu, gawar yara da tsadar mai, su suka tilasta aka soma gina wa keke hanyarsa ta dabam. Ku duba fa, dukkan biyun muna da su a Kaduna yau. Abin da muka rasa shi ne iyayen da za su tashi su yi magana.

Kada a ce wannan sai Turawa. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ta Burkina Faso ya ga manyan titunan da aka ware wa keke da babur gefensu, ya ga mata da goyo da tallarsu a kan keke ba wanda ya ɗaga ido ya kalle su. Rana kuwa ta can ba ta fi tamu sauƙi ba, kuma ba su fi mu kuɗi ba.

Na san uzurorin, domin kullum ina jin su a ofis. Na farko zafi. Gaskiya ne watannin Maris da Afrilu ba wasa, amma ƙarfe bakwai na safe ba rana, kilomita biyar kuma minti ashirin ne zuwa ashirin da biyar ba tare da gaggawa ba. Ni riga nake ajiyewa a ofis. Maganin sauran kuwa itatuwa ne a bakin hanya, waɗanda mai tafiya a ƙasa ma yana bukata. Sai sata, wadda maganinta wurin ajiya ne mai ƙarfen ɗaurewa kusa da mai gadi. Filin da mota ɗaya ke cinyewa zai ɗauki keke takwas zuwa goma. Wanda ya fi wuyar magani shi ne kunya. Wani abokin aikina ya taɓa jawo ni gefe cikin tausayawa ya tambaye ni ko wata matsala ce ta same ni, in yana da abin taimakawa. Na gode masa, na ce lafiya lau. Shi kuwa bawan Allah duk wata sai ya ci bashi kafin ya zuba wa motarsa mai, likita kuma ya riga ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Wannan kunya mu masu takardar digiri mu muka ƙirƙire ta, mu ne kuma za mu iya kashe ta. Ranar da aka ga darakta ko likita ko lauya ya jingine keke a ƙofar ofis, ranar masinja zai daina ɓoye nasa a bayan gini.

Game da 'yan mata, na san ra'ayoyi sun sha bamban, kuma ba zan yanke wa kowane uba hukunci a gidansa ba. Abin da zan ce kawai, yarinyar da ke cusuwa a Napep da mazan da ba ta sani ba, ko take taka kilomita uku a ƙasa ta iso aji a gajiye bayan an gama darasin farko, ita ma tana da haƙƙi a wannan magana. Akwai kekuna marasa sanda da ake hawa da doguwar riga da hijabi ba tare da wata matsala ba.

Mu masu keke ma ba a wanke mu ba. Akwai masu bin hannun da ba nasu ba suna fuskantar motoci, akwai masu tafiya da dare ba fitila ba komai mai ƙyalli, sanye da baƙaƙen kaya, a garin da fitilun titi ba ko'ina suke ba. Akwai mai keken da birkinsa silifas ne. Akwai yaran da ke kama bayan tifa ta ja su. Duk wannan sai an yi tarbiyya a kai, kuma makaranta ce wurin yin ta. Amma ko an sami mai keke mafi ladabi a duniya, tsoka ce da ƙashi a gefen ƙarfe mai nauyin tan talatin.

Dole a yaba wa aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019. An faɗaɗa hanyoyi, an yi sababbi, an sake gina gadar Kawo, gari ya yi kyau. Sai dai ni a hanyoyin da nake bi ban ga inda aka keɓe wa keke ba, hanya kuma in ta yi faɗi ta yi sumul gudu take ƙara wa mota. Inda aka yi wa masu ƙafa dandamali, 'yan tireda da masu ajiye motoci sun mamaye, mai ƙafa ya sauko kwalta, mai keke ya matsa tsakiya. Abin da ake bukata a manyan hanyoyi shi ne a ware mita ɗaya da rabi zuwa biyu a gefe, a raba shi da hanyar mota da dakalin kankare. Na ce kankare, domin in fenti kawai aka shafa, kafin sati ya zagayo ya zama tashar Napep. A cikin unguwanni kuwa ba a bukatar wannan duka. Layukan Tudun Wada da na Unguwar Mu'azu, in an cike ramukansu, an rufe lambatun da ke buɗe, an sa tudun rage gudu mai faɗi wanda ba ya kayar da mai keke, sun isa su kai yaro makaranta ba tare da ya hau babban titi ba sai a wurin ƙetarawa. Wurin ƙetarawan nan shi ne inda ya kamata a kashe kuɗi, musamman a Bai-fas. Gadar ƙafa mai matakala ba ta amfanar mai keke, ba ta amfanar tsoho ko gurgu. Sai an yi mata gangara. 

Mai girma Shugaba, ba na son in sauka ba tare da na ajiye wa ƙungiya wani abu a gabanta ba. Na ga a rahoton Ma'aji an ware kuɗi don yi wa ƙofar makaranta ado. Ina roƙon a raba kuɗin nan biyu, a gina rumfar ajiye kekuna kusa da ɗakin mai gadi, mai rufin kwano da ƙarafan ɗaurewa. Yara da dama sun gaya mini suna da keke a gida, tsoron sata ne ke hana su zuwa da shi. In an sami rara, a sayi kekuna ko da na hannu ne, a ba ɗaliban da suka fi nisan gida aro na zangon karatu, Shugaban Makaranta ya san su ɗaya bayan ɗaya daga littafin makara.

Haka kuma a cikinmu akwai injiniyoyi, akwai ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, akwai na KASTLEA, akwai 'yan jarida. Ina ba da shawara a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, su tsaya a ƙofar makaranta mako guda, safe da lokacin tashi, su ƙidaya yara nawa ke zuwa a ƙasa, nawa a keke, ta ina suke ƙetarawa, su zana taswira. Mu da muke aikin gwamnati mun san takardar koke mai cewa "a taimaka mana" a ƙasan fayil take kwana, amma wadda ta zo da adadi da taswira da sa hannun mai unguwa da na ƙungiyar iyaye da malamai, ita ce ake kai wa kwamishina. A kai kwafi ga ma'aikatar da ke kula da ayyuka, da ƙaramar hukuma, da ɗan majalisarmu na jiha, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa. A kuma zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu Napep, domin su ma 'ya'yansu a wannan titi suke ƙetarawa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun daga 2018. Ina gayyatar duk wanda ƙafarsa ke iya taka feda, mu haɗu a ƙofar makaranta ranar Asabar mafi kusa da wannan rana, ƙarfe bakwai na safe, mu bi hanyar da ɗalibai ke bi, mu ƙetare inda suke ƙetarawa. Wanda ba shi da keke ya gaya wa Sakatare da wuri, za a nemo masa aro. Iyayenmu malamai kuwa mun yafe musu hawa, su dai zo su tsaya a bakin ƙofa su ɗauki sunan waɗanda suka makara kamar yadda suka saba.

Takardar sa hannu tana wurin Sakatare a bakin ƙofa.